Ranar da Na Roƙi Allah Motata Ta Mutu

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma ranar da na zauna a cikin sabuwar motata ina roƙon Allah a zuci ya sa ta mutu a tsakiyar titi, wannan kam ko tsufa ya kwashe mini komai ba na jin zai iya kwashe ta. Duk wanda na fara ba wa labarin sai ya tsaya ya kalle ni, ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau a lokacin. Ƙalau nake. Ku dai ji yadda aka yi.

Ni haifaffen Madina ne. Kakanmu ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano tun zamanin da ake zuwa ta ƙasa, ya zauna, aka haifi babanmu a nan, mu ma aka haife mu a nan. Sana'ata kai ganye. Da sassafe nakan je gonakin bayan gari in ɗauko na'ana'a da sauran ganyayyaki, in rarraba wa gidajen abinci da masu shayi a unguwar Sultana da kewayenta. Wanda ya san Madina ya san ba a shan shayi sai da na'ana'a, kuma ya san na'ana'a ba ta da haƙuri ko kaɗan. In rana ta same ta a bayan mota na ɗan lokaci sai ta langwaɓe ta yi baƙi, ko kyauta ka bayar ba mai karɓa.

Na yi shekaru ina wannan aikin da wata tsohuwar a-kori-kura, irin motar da mu a nan muke ce wa wanet. Ta tsufa har ƙofar bayanta da igiya nake ɗaurewa, amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Da Allah ya hore mini sai na sayar da ita, na nufi kamfanin dillancin motoci, wanda a nan ake ce wa wakala, na fito da sabuwa fil, fara, mai kujeru gaba da baya. Wanda ya sayar mini ya ɗora hannu a ƙirji ya ce tana da garanti na shekaru, duk abin da ya same ta in kawo kawai, su ne da ɗawainiya. Ya miƙo mini wani ɗan littafi da tarin takardu. Na cusa su a aljihun gaban mota ko buɗewa ban yi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi rawar kai. Ledar kujeru ma na ƙi cirewa. A ranar na zagaya gidajen 'yan uwa ina danna hon a ƙofar kowa. Na ƙarshe shi ne gidan yayata a unguwar Al-Sih. Ita ce babbarmu, ita ta goya ni, kuma ta yi shekaru tana riƙe da ofishin ajiye takardu a wata makarantar 'yan mata har ta yi ritaya. Ta fito ta zagaya motar, ta sa albarka, sannan ta ce, "Ina takardunta?"

Na ce, "Haba Yaya, ana nuna miki mota kina tambayar takarda? Shiga ki ji sanyin na'ura mana."

Ta ce, "Tayyib. Allah ya sa alheri." Ta koma ciki.

A mako na uku abin ya fara. Na taso daga gona da kaya cike, rana ta fara zafi, sai na ga fitilun gaban sitiyari sun kama gaba ɗaya, ja da rawaya, kamar gidan biki. Na taka totur, mota ta ƙi tafiya. Ta yi 'yar jijjiga, ta yi shiru. Da ƙyar na gangara da ita gefen titi. Na murɗa makulli har hannuna ya gaji, ba ta ce komai ba. Na yi kusan rabin awa a tsaye ina fifita da kwali ina kallon na'ana'ata tana sunkuyar da kai, sannan na sake murɗawa. Sai ta tashi lafiya lau, kamar ba ita ba.

Washegari na kai ta wakala. Wurin nan kuwa akwai iya karɓar baƙo. Sanyi kamar cikin firji, kujeru masu laushi, ga gahawa ga dabino. Ma'aikacin da ke karɓar motoci ya saurare ni yana murmushi, ya ce, "Abshir, ya ammi," wato in kwantar da hankalina. Suka riƙe ta kwana biyu, suka kira ni suka ce sun sabunta mata ƙwaƙwalwa, an gama. Na sha gahawa, na yi godiya har da addu'a, na karɓi makulli na fita. Ban tambayi ko guntuwar takarda ba, su ma ba su ba ni ba.

Kwana goma ba a yi ba ta sake. Na mayar. Wannan karon suka ce wani ɗan ƙaramin abu ne mai auna zafin inji, sun canja shi. Na sha gahawa. Karo na uku suka riƙe ta fiye da mako, ina yawon aron mota a wajen maƙwabta, sannan suka ce sun gwada ta ta kowace hanya ba su ga komai ba. Ma'aikacin ya tambaye ni, cikin ladabi sosai, ko ina sa mata mai a gidan mai na kirki. Na sake shan gahawa. Karo na huɗu ma haka aka yi.

Yanzu in na tuna sai in yi wa kaina dariya. Kullum da fushina nake fita daga gida, ina shirya maganganun da zan faɗa musu tun daga ƙofa. Da na shiga, sanyi ya buge ni, aka ce mini "ya ammi", aka miƙo ƙaramin kofi, sai in ji kunya ta rufe ni. Ta yaya zan ɗaga murya ga mutumin da ya tashi tsaye ya gaishe ni? Haka aka rene mu. In mutum ya mutunta ka, ba ka tsare shi da tambaya. Ban gane ba a lokacin cewa gaisuwa daban, gyaran mota daban.

Ana cikin haka sana'a ta fara taɓuwa. Wani mai gidan abinci da na yi shekaru ina kai wa kaya ya kira ni gefe ya ce shi ba zai iya buɗe shago yana jiran ko motata ta ga dama ba, ya sami wani. Mai shayin da ke kusa da shi ma ya bi sahu. Ni kuma na kasa gaya wa kowa a gida, saboda hon ɗin da na bi gidaje ina dannawa bai daɗe da fita daga kunnuwan mutane ba.

Sai na tafi wajen Kawu. Ba kawuna ne na jini ba, aminin marigayi babanmu ne, tsohon makaniki mutumin Cadi, yana da gareji a wani lungu a Sultana. Shi ya riƙa lallaɓa mini tsohuwar motata duk shekarun nan. Na buɗe masa gaban mota na ce ya taimaka ya duba. Sai tsohon nan ya maida hannuwansa biyu baya ya harɗe su, ya sunkuya yana leƙe kamar mai kallon rijiya.

Na ce, "Kawu, ka taɓa mana."

Ya ce, "Ni? Wallahi ko ƙusa ɗaya na kwance a motar nan na cuce ka. Abin da suke jira ke nan. Gobe su ce wani ya sa mata hannu a waje, garanti ya tashi, halas."

Na ce to me yake gani. Ya tambaye ni lokacin da take mutuwa, da kaya ko ba kaya, da rana ko da sanyin safiya. Da na gama ba shi amsa ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗana, ciwon motarka sai ta ji nauyi ta ji zafi yake tashi. Su kuma da safe suke gwada ta, a inuwa, ba komai a bayanta. Ko shekara za su yi ba za su gani ba. Ka koma musu, amma wannan ba aikin sifana ba ne, aikin baki ne. Kai kuma na san ka, ba ka da baki."

Na ji haushin maganar, don gaskiya ce.

Abin da ya tona mini asiri ya faru ne wata Talata. Yaya ta kira ta ce in biyo in ɗauke ta daga asibiti, ta je ganin likitan ido. Na so in kawo uzuri, na rasa wanda zan kawo. Na biya da sauran kaya a baya, wajen azahar, na ɗauko ta. Muna kan babban titin da ya kewaye gari, ina layin tsakiya, fitilun nan suka kama. Mota ta saki. Na duba madubi sai na ga wata tirela ta cika shi gaba ɗaya. Ƙarar birkinta har yau in na rufe ido ina jin ta. Direban ya kauce da ikon Allah, ya wuce ta gefenmu yana zuba hon, iskarsa ta girgiza mu. Na samu na gangara gefe.

Yaya ba ta yi ihu ba. Ta gama salatinta, ta gyara niƙabi, ta juyo ta kalle ni da idon da aka ɗiga wa magani.

"Sau nawa ta yi maka haka?"

Na ce, "Sau biyu ne, Yaya."

"Kalle ni."

Na ce, "Shida."

"Sau nawa ka kai ta wakala?"

"Huɗu."

"Ina takardun da suka ba ka?"

Na ce ban karɓi ko ɗaya ba. Ta ce, "La haula wa la ƙuwwata illa billah. Mutum da furfura a gemu!" Muka jira har motar ta huce ta tashi. Da na sauke ta a ƙofar gida ta buɗe aljihun gaban mota da kanta, ta kwashe littafin nan da takardun, ta ce gobe da ƙarfe tara in zo in ɗauke ta, kuma in zo a motar haya.

Da na zo washegari ta riga ta karanta littafin tun daga bango har bango, ta ja layi a wurare da jan biro. Ta kuma bincika dokar da ta shafi masu sayen kaya a wayarta. A hanya ta riƙa yi mini karatu kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce duk lokacin da mota ta shiga wajen gyara haƙƙina ne a ba ni takarda mai nuna ranar da ta shiga, da abin da na ce yana damunta, da abin da aka yi mata. Ta ce in gyara ya ja lokaci fiye da ƙa'ida, su ya kamata su ba ni motar da zan riƙa aiki da ita, ba in bi maƙwabta ina aro ba. Sannan ta ce in ciwo ɗaya ya yi ta dawowa, an gwada gyarawa iya yawan da doka ta yanke an kasa, to mai mota yana da ikon a canja masa wata sabuwa ko a mayar masa da abin da ya biya, a cire na ɗan amfanin da ya yi da ita.

Na ce, "Duk wannan yana rubuce?"

Ta ce, "Wata uku kana yawo da rabinsa a gaban gwiwarka."

A wakala ma'aikacin nan ya taso da murmushinsa. Aka kawo gahawa. Ni har na fara laushi, sai na ga Yaya ta karɓa ta shanye, ta ci dabino uku, ta yi godiya sosai, ta sa wa iyayensa albarka, sannan ta ce da Larabcinta na ofis tana son a buga mata tarihin duk shigar da motar nan ta yi. Ya ce wanda ke da ikon bugawa bai zo ba, sai gobe in sha Allah. Ta ce ba komai, ita ta yi ritaya, ba inda za ta. Ta jingina, ta ciro carbi. Ba a yi minti ashirin ba wanda bai zo ba ya fito daga wani ofis da takardu a hannu.

Nan muka ga abin mamaki. A shiga huɗun da na yi, biyu ne kawai aka rubuta cewa mota tana mutuwa. Sauran biyun an rubuta dubawa ce ta yau da kullum, kamar na kawo ta ne a canja mata baƙin mai. Yaya ta karɓi wayata ta bi saƙonnin da na riƙa tura wa ma'aikacin, inda nake cewa ga shi ta sake mutuwa, shi kuma yana amsawa da in kawo. Ta ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya. A kujerarsu, a cikin sanyinsu, ta shigar da ƙorafi ta waya zuwa hukumar da ke kula da haƙƙin masu saye, ta haɗa da hotunan da takardun.

Bayan 'yan kwanaki wani jami'in hukumar ya kira ni. Ya ce wakala ta amsa, ta ce motar ba ta da wata matsala da suka iya gani. Ya ce abin da zai raba gardama shi ne a gwada ta a gaban wani babba na wakala, a rubuta abin da aka gani. Na gaya wa Yaya maganar da Kawu ya yi ta nauyi da zafi, sai ta ce mu amince, amma da sharaɗi: da tsakar rana za a yi, da kaya a baya, kuma a hanyar da na saba bi. Shugaban sashen gyara, wanda kowa ke ce wa mudir, ya ce ya yarda, shi da kansa ma zai tuƙa.

Saura kaya. Ba zan sayi na'ana'a in kashe ta a rana don gwaji ba. Da na yi wa mai gonar da nake sayen ganye a wajensa bayani, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in nauyi nake so ga buhunan takin tumaki can, in ɗiba in dawo masa da su. Muka loda har motar ta zauna.

Ranar gwaji mudir ya fito cikin farar riga tas, an goge ta har tana ɗaukar ido, ga ƙamshin turare. Mutum ne mai fara'a, mai ɗan tumbi. Ya zagaya bayan mota, ya ja numfashi, ya tsaya.

Ya ce, "Wannan mene ne?"

Yaya ta ce, "Nauyi ne, ustaz."

Ya shiga ya kama sitiyari, ni ina gefensa, Yaya tana baya da waya a hannu tana ɗaukar komai. Muka fita.

Jama'a, motar nan ba ta taɓa tafiya mai daɗi irin ta ranar ba. Muka hau babban titi, tana gudu kamar ruwa. Muka fita bayan gari har gonaki, muka juyo. Ya taka ta, ya sassauta, ya ƙure na'urar sanyi, ya hau gada ya sauka. Ko tari ba ta yi ba. Mudir ya fara shafa sitiyari yana cewa, "Ma sha Allah. Ka ji inji? Ya ammi, mutane da yawa suna neman irin wannan ba su samu ba." Ya shiga ba ni shawara a kan yadda ake taka totur a hankali.

Zufa ta keto mini duk da sanyin. In muka koma haka, shi ke nan, an rubuta cewa lafiyarta ƙalau, ni ne ban iya tuƙi ba. Zan ci gaba da hawa motar da ta kusa sa tirela ta bi ta kanmu, ko in sayar wa wani bawan Allah ita in cuce shi. Wata uku ina shiga motar nan da addu'ar Allah ya sa kada ta mutu. Ranar sai na ji kaina ina cewa a zuci, ya Allah, ka san gaskiyata, ka kashe ta. Ko sau ɗaya ne, ya Rabbi. Na waiga na ga leɓen Yaya ma yana motsi ta ƙarƙashin niƙabi, carbi yana gudu a hannunta.

Da aka ci fiye da awa ɗaya mudir ya duba agogo ya ce yana ganin ya isa haka. Don ya gaje hanya sai ya bi ta wajen Masallacin Ƙiblatain. Lokacin kuwa motocin masu ziyara sun cika wurin, manyan bas-bas sun yi layi suna sauke alhazai, ana tafiya taku ɗaya a tsaya. Muka shiga cikinsu. Zafi yana tashi daga kwalta. Muka matsa, muka tsaya. Muka sake matsawa.

Sai fitilu suka kama. Ja da rawaya, gaba ɗaya. Ta yi 'yar jijjigar nan da na sani, ta yi shiru.

Ban san lokacin da na ɗaga hannu biyu na ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi ba. Mudir ya juyo ya kalle ni kamar na zare. Daga baya Yaya ta ce, a natse, "Ustaz, ɗan matsa hannunka, ina ɗaukar fitilun."

Ya murɗa makulli. Ya sake murɗawa. Ya kashe na'ura, ya karanta bisimilla, ya murɗa. Shiru. A bayanmu direbobin bas suka fara hon kamar za su tsaga sama. Mun tare hanya ɗaya tilo da ake wucewa. Mudir ya ce in fita in tura, shi zai riƙe sitiyari. Har na kama ƙofa, Yaya ta ce, "Ƙanena bayansa ya gaji, sau shida yana fama da ita shi kaɗai. Kuma shi ya san yadda sitiyarinta ke yin tauri in ta mutu." Duka biyun gaskiya ne. Mutumin ya kalle ta, ya kalli bas ɗin da ke bayanmu, ya tattare rigarsa ya fita.

Shi kaɗai bai iya motsa ta ba, ga taki cike. Sai wasu alhazai da suka sauko daga bas suka taho taimako, su biyar ko shida, da jakunkunansu rataye a wuya. Tun kafin su iso na gane mutanenmu ne. Suka kafa kafaɗa suna hira da Hausa, a zatonsu ba mai ji.

Wani ya ce, "Ikon Allah! Ashe a nan ma mota tana mutuwa."

Wani ya ce, "Kai, sabuwa ce fa, dubi ledar kujera ma ba a cire ba."

Wani tsoho daga can baya ya ce, "Ni dai warin nan ne ya tuna mini gida. Alhaji, tura, ladan Madina ba irin na ko'ina ba ne."

Na leƙo ta taga na ce, "Sannunku da ƙoƙari, Allah ya karɓi ibada. A ɗan ƙara ƙarfi ta hagu." Tsohon ya saki mota ya riƙe baki, sauran suka fashe da dariya har ta fara komawa baya, sai da mudir ya yi ihu suka sake tarewa. A wannan turawar ce wani buhu ya yage, taki ya zubo wa mudir tun daga ƙirji har gwiwa.

Da muka samu gefe muka yi sallama da alhazai, mudir ya jingina da mota yana haki. Rigar nan ba ta moruwa. Ya share fuska ya ce, "Tayyib, na gani. Ka bar mana ita, wannan karon ni da kaina zan tsaya a kanta. Mako ɗaya kawai."

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Mutum babba, ya jiƙe sharkaf, ya tura mini mota a gaban jama'a, ga shi yana roƙona. "To, ba komai" ta riga ta zo bakina. Na saci kallon Yaya, ina jiran ta karɓe maganar kamar yadda ta saba. Sai ta kau da kai tana kallon masallaci. Ta bar ni ni kaɗai.

Na tuna tirelar nan a madubi. Na ce, "Ustaz, ka yi haƙuri. Na gode da turawar, Allah ya saka. Amma na kawo ta sau huɗu. Ba gyara nake nema yanzu ba. Ka rubuta abin da ka gani da idonka, ka sa hannu, sauran kuma mu bi abin da doka ta ce."

Ya kalle ni. Sannan ya yi dariya, ya ce, "Ka san wani abu? Ni ma na fi son haka. In ba takarda, na sama da ni ba za su saurare ni ba." Ya ɗauko fom daga jakarsa, ya ɗora a gaban mota, ya rubuta lokaci da wuri da abin da ya faru, ya sa hannu. Yaya ta karɓa ta karanta har ƙasa, ta nuna masa inda ya manta bai rubuta lambar mota ba, ya cike.

Ba a ranar aka gama ba. An yi 'yan makonni ana kai da kawo, ana kira ana cewa a jira sa hannun wane. Amma tun washegari suka ba ni motar da zan riƙa aiki da ita, kuma duk takardar da ta fito sai na karɓi kwafinta. A ƙarshe jami'in nan ya kira ya ce an ba ni zaɓi, na ce a canja mini wata. Ita nake hawa har yau, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Mai shayin ya dawo yana karɓar na'ana'ata. Mai gidan abincin bai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Da na je na ba Kawu labari, sai da ya sa na maimaita masa wajen buhun nan sau uku, yana dariya yana share hawaye da gefen rawani.

Abin da na koya a wannan al'amari ba shi da yawa, amma ya zauna mini. Na koyi cewa alkawarin baki, komai daɗinsa, ba ya zuwa ko'ina in ba a rubuta shi ba, kuma takardar da aka miƙo maka ranar ciniki ba ta ado ba ce, a karanta ta tun kafin a buƙace ta. Na koyi cewa ɓoye matsala don gudun dariyar 'yan uwa wauta ce, don mai yi maka dariyar sau da yawa shi ne zai tsaya maka. Babban kuwa shi ne na daina ɗaukar neman haƙƙi a matsayin rashin kunya. Mutum zai iya gaisawa da kyau, ya yi godiya, ya sa albarka, bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba, sannan ya ce a'a. Na kai shekara hamsin a duniya kafin in iya faɗin wannan kalmar a gaban mutumin da nake jin nauyinsa, kuma da na faɗa ba abin da ya ragu a mutuncina ko a nasa.